Ƙaro: Daga Kurtun Almajiri Zuwa Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya bar Gusau ya nufi arewa da rani, ya ratsa Kaura Namoda, ya shiga ƙasar Kurya Madaro, ko ya zarce Shinkafi, ko kuwa ya karkata zuwa Zurmi, zai ga cewa da zarar an kawar da gero da dawa daga gonaki, abin da ke saura tsaye a fili galibinsa itatuwa ne masu ƙaya, waɗanda baƙo ba ya ba su wata daraja, makiyayi kuma ba ya duban su sai don awakinsa. Alhali kuwa uku daga cikinsu, wato aduwa da bagaruwa da dakwara, su ne suka ɗauki nauyin karatu da rubutu a wannan ƙasa shekaru aru-aru: aduwa ta ba da allo da gawayin da ake niƙawa, bagaruwar fadamun Gagare da Bunsuru ta ba da 'ya'yanta, dakwara kuwa ta ba da ƙaro, wanda in babu shi babu tawadar da za ta zauna a bakin alƙalami. A kan ƙaron nan nake so in tsaya, domin tarihinsa biyu ne, ɗaya a zauren malam, ɗaya a masana'antun Turai da Amurka, kuma ba kasafai mutanen wannan ke jin labarin wancan ba.

Ƙasar Zamfara ba baƙuwar ilmi ba ce. Tun kafin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna cikinta wajen shekara biyar yana wa'azi da karantarwa. Bayan da aka ci Alƙalawa a 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda na Alibawa ya yi suna a cikinsa, sai Zurmi da Kaura suka zama garuruwan tsaro a kan hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano, hanyar da Kyaftin Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824, Dokta Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim, ya biyo sawunsa a 1853. Daular da aka kafa kuwa daula ce ta alƙalami, domin wasiƙar Sarkin Musulmi zuwa ga amirai, da hukuncin alƙali, da rabon gado, da fatawa, da littattafan Shehu da Abdullahi da Bello waɗanda ɗalibai ke juyewa da hannu gari-gari, duka sai da tawada. Takarda dai daga nesa take zuwa, daga Italiya ta Tarabulus a bayan raƙuma, mai alamar jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga rana, sabili da haka take da tsada, ake tattalinta. Amma tawada ba mai wahalar ɗauko ta daga hamada. Kowane malami shi ke haɗa tasa, ya kuma koya wa almajiransa haɗa ta kamar yadda yake koya musu fiƙe alƙalami.

Ƙaro ba ya fita sai itace ya ji jiki. Idan damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, iskar hunturu ta taso, a nan ne dakwara ke fitar da shi daga inda ɓawonta ya tsage, ko inda aka saɓe shi da gangan, ya taru sannu-sannu har ya zama dunƙule mai haske cikin mako huɗu zuwa shida. Yaran kiwo suna ɓallo shi su tsotsa, masu wankin hula suna neman sa don hula ta tsaya, masu magani suna da nasu amfanin. Amma babban mai buƙatarsa a gari, a wancan zamani, shi ne mai makaranta.

Koyon haɗa tawada ba shi da ranar farawa, ba shi kuma da babi a littafi. Kolo yana kallo ne kawai. Sai ya zama titibiri a fara aikensa ya samo busasshen itacen aduwa, a ƙone shi, a kashe wutar kafin ta cinye shi ya zama toka, a sami gawayin da ake kira zuge. Daga nan sai dutse. Za a ba yaro gawayi ya yi ta guga da ɗan ruwa har hannunsa ya gaji, ya tace da ƙyalle, ya mayar da abin da ya rage bisa dutse. Ƙaron kuwa tun jiya an jiƙa shi ya narke, an tsame ɓawo da yashin da suka maƙale masa. Idan an haɗa su, yaro ya kawo kurtu gaban malam ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta malam, ta yi?" Malam ba zai amsa ba sai ya ɗiga ta a yatsa ya murza da babban yatsa, in ya ji ko ɗan ƙaiƙayin tsaki, sai ya ce, "Koma dutse, yaro, da saura." In ta wuce wannan, sai a ja layi a allo a bari ya bushe, a shafa da tafin hannu: idan baƙin ya biyo hannu, ƙaro ya yi kaɗan, idan kuwa rubutun ya yi ƙyalli yana ɓanɓarewa, alƙalami kuma yana jan ƙafa, ƙaro ya yi yawa. Jarrabawa ta ƙarshe ita ce ta kwana. A ajiye kurtu, da asuba a duba: tawadar da ta wayi gari da ruwa garau a sama, guggubi a ƙasa, ba ta niƙu ba, ko da ta yi baƙi jiya.

Wannan ita ce tawadar allo, kuma hikimarta ita ce ba ta shiga jikin itace, a samansa take zaune, ƙaro ne kaɗai ya riƙe ta. Don haka take wankuwa idan almajiri ya haddace ya zo wankin allo, don haka kuma ake iya wanke ta a sha a matsayin rubutu, tunda ba komai cikinta sai gawayi da ƙaro. Ta takarda dabam ce. Ita 'ya'yan bagaruwa ake dakawa a jiƙa ko a dafa, a jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe a ciki, sai dacin nan na bagaruwa da majema ke jima da shi ya haɗu da ƙarfen, ruwan ya rine ya yi duhu, sa'an nan a sa ƙaro don kada rinin ya kwanta, kada kuma ya malale a takarda. Irin wannan tana kama zaren takarda ne, ba ta goguwa, shi ya sa alarammomi ke rubuta Alƙur'ani da ita. Ba mu kaɗai muka san wannan rabe-rabe ba: littafin Umdatul Kuttabi, wanda ake jingina wa Mu'izzu ɗan Badisu, sarkin Ifriƙiyya da ya rasu a 1062, ya tattara hanyoyin haɗa tawadar hayaƙi da ta rini masu yawan gaske, kuma da wuya mai karatu ya wuce shafi bai ci karo da ƙaro ba.

To, abin da malam ke dubawa da asuba a cikin kurtu yana da ƙa'ida ta hisabi, wadda wani malamin Jami'ar Kambirij mai suna George Stokes ya fitar a 1851. Ya nuna cewa saurin da ƙwayar gari ke nutsewa cikin ruwa yana tafiya ne da faɗinta idan an ninka shi da kansa, wato ƙwayar da aka rage faɗinta da rabi, jinkirinta wajen kwantawa ninki huɗu ne, wadda aka mayar kashi ɗaya cikin goma kuwa, ninki ɗari. Ashe ke nan "koma dutse" ba azabtar da yaro ba ne. Ƙarin niƙa kaɗan yana sayo wa tawada kwanaki. Sai dai niƙa kaɗai ba ya isa, domin ƙwayoyin gawayi ba sa son ruwa, da sun haɗu sai su manne wa juna su zama dunƙule, dunƙule kuwa ya nutse. A nan ne ƙaro ke aikinsa. Masana sun gano cewa galibinsa sarƙoƙin sukari ne masu rassa, tare da ɗan furotin da bai wuce wajen kashi biyu cikin ɗari ba. Furotin ɗin ya kama jikin gawayi ko ɗigon mai, rassan sukarin su bazu cikin ruwa, ta yadda ƙwaya ba ta samun hanyar taɓa 'yar'uwarta. Ga shi kuma yana narkewa har ya kusa kai nauyin ruwan da aka zuba masa ba tare da ya zama kunu ba, abin da sauran dangin danƙo ba sa iyawa.

Saboda wannan hali nasa ne duniya ta daɗe tana bin sa. Mutanen Masar na dā da shi suke haɗa tawadarsu. A ƙarni na 18, lokacin da masaƙun Turai suka koyi buga zane a jikin atamfa suka ga rini ba ya tsayawa inda aka sa shi sai da ƙaro, Faransa da Holan da Ingila sun yi ta gwabzawa a gaɓar Muritaniya da bakin kogin Senegal a kansa, har Turawan Ingila suka ƙwace garin Saint-Louis a 1758. A ƙasarmu cinikinsa zuwa waje ya ƙarfafa ne da zuwan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kaura Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Sai dai gaskiya ita ce tashar Kaura da gyaɗa da auduga da fatu aka san ta, babban ƙaron fitarwa kuwa na Barno ne.

A wannan shekara ta 1929 da jirgi ya fara busa a Kaura, wasu masana biyu a ƙasar Holan, Bungenberg de Jong da Kruyt, suka bayyana wani al'amari da ke faruwa ga irin waɗannan narkakkun abubuwa, wanda misalinsa mafi shahara shi ne haɗuwar ƙaro da jelatin, wato danƙon da ake samu daga dafaffiyar fata da ƙashi. Idan an narkar da su tare cikin ruwan ɗumi, aka ɗan tsamama ruwan, sai jelatin ya ɗauki caji irin na namiji, ƙaro yana riƙe da irin na mace, su jawo juna, su ware daga sauran ruwan su zama wani ruwa mai kauri cikin ɗigo-ɗigo. Shekaru wajen ashirin abin bai wuce mamakin ɗakin gwaji ba, sai da wani mai suna Barrett Green, ma'aikacin kamfanin National Cash Register da ke Dayton a jihar Ohio ta Amurka, masu ƙera injinan lissafin kuɗi na kantuna, ya ga cewa wannan ruwa mai kauri yana son kewaye duk wani ɗigon mai da ya tarar. Sai ya narkar da rini marar launi cikin mai, ya kaɗa man cikin ruwan jelatin da ƙaro har ya farfashe, ya ƙara ruwa, ya sauko da ma'aunin tsami, ya sanyaya har jelatin ya daskare, ya ƙarfafa ɓawon da magani. Abin da ya samu shi ne ɗigon rini miliyoyi, kowanne cikin kwansonsa kamar gyaɗa, faɗinsa 'yan maikron kaɗan, maikron kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali silin gashin mutum yana tsakanin 50 da 100. Aka shafa su a bayan takarda, aka shafa wata irin laka mai tsami a fuskar takardar da ke ƙasa. Inda duk bakin alƙalami ya danna, kwanso ya fashe, rini ya taɓa laka, launi ya bayyana. An fara sayar da wannan takarda a 1954, Green da abokin aikinsa Schleicher suka sami shaidar mallakar fasahar a 1957, kuma daga nan ne ake ƙirga farkon sana'ar ƙunshe ɗigo cikin ɓawo a masana'antu.

A nan ya kamata a yi adalci. Akwai masu son su ce kakanninmu sun riga Bature wannan ilmi, kuma ni ban ga buƙatar wannan da'awa ba, domin ba daidai ba ce. Ƙaron tawada yana lulluɓe gawayi ne cikin ruwa don kada ya dunƙule. Bai gina masa bango mai tsayawa da kansa ba, wanda za a busar, a ajiye shekara, a fasa lokacin da aka ga dama. Abin da za a iya faɗa ba tare da ƙari ba shi ne, abu ɗaya aka yi aiki da shi, halinsa ɗaya aka dogara da shi, matsalolin kuma iri ɗaya ne, wato girman ƙwaya, da gwargwadon ƙaro, da daɗewar abin bai rabu ba. Inda hanyoyin suka rabu shi ne wajen mizani. Malam ya san tawada mai kyau sani na yaƙini, amma saninsa a yatsansa yake. Ba ya auna gawayi, ba ya rubuta adadin ƙaro, kuma duk da cewa rubutu ne sana'arsa, bai ɗauki haɗin tawada abin da ya cancanci takarda mai tsada ba. Idan ya rasu, abin da almajiri ya kama ya kama, abin da bai kama ba ya tafi kushewa.

Ƙaron da ya fita ɗanye ya komo mana ta ƙofofi da yawa ba mu gane shi ba. Littafin rasit mai fari da ruwan hoda da rawaya, wanda ɗan kasuwar Shinkafi ke rubuta wa sau ɗaya ya fito sau uku ba da baƙar takarda a tsakani ba, jikan aikin Green ne, ko da yake masana'antu da yawa sun koma yin ɓawon da roba. Lemun kwalba mai ɗanɗanon lemu, man ɓawon lemu ne aka farfasa cikin ruwa har ɗigonsa ya gaza maikron ɗaya, ƙaro ya riƙe shi. In ɗigon ya fi haka girma, ƙa'idar Stokes ta juyo sama, man ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba. Garin lemun da ake kaɗawa kuwa, feshi ake yi da haɗin mai da ƙaro cikin iska mai zafin wajen digiri 180, ruwa ya tsere nan take, ƙamshi ya saura a kulle. Tun 2002 dokar Nijeriya ta wajabta sa sinadarin bitamin A cikin sukari da fulawa da man girki, kuma wanda ake sawa cikin gari da sukari, da yake iska da haske na kashe shi, a ƙunshe yake zuwa cikin jelatin ko sitaci ko ƙaro. Mai duba jikin kwali zai ga ƙaro da lambar E414. Matsayinsa ya kai ga cewa lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da aka nemo wa ƙaro mafita, domin Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Chadi da Nijeriya na biye. Musulmi kuma yana da wani dalilin son sa, tunda jelatin da yawa daga fatar alade ake yin sa, fuƙaha'u suna ta saɓani a kan ko istihala ta tsarkake shi, ƙaro kuwa hawayen itace ne, ba mai tambayar halaccinsa.

Yatsan malam ma ya sami magada. Rariyoyin waya da ake jerawa bisa juna a girgiza suna rarrabe gari har zuwa wajen maikron 40. Ƙasa da haka sai madubin ƙara girma mai ma'auni a idonsa. A 1953 Wallace Coulter na Chicago ya sami shaidar na'urar da ke tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa mai ɗauke da lantarki, ta ƙirga su ta auna su, ita ce asalin injin ƙirga ƙwayoyin jini na asibiti. Daga shekarun 1970 aka shiga haska su da hasken leza a karanta girmansu daga yadda hasken ya watsu. Da duk wannan, wanda ya taɓa tsayawa kan ɗaliban haɗa magunguna ko na sarrafa abinci ya san littafi ba ya koyar da aikin. Ɗalibi zai haddace cewa ruwan ya kasance tsakanin digiri 40 da 50, tsamin ya sauko wajen 4, amma sai ya tsaya gaban tukunyar gilashi yana ɗiga asid ɗigo-ɗigo, ya ga lokacin da ruwan ya gauraye ya yi hazo, ya ɗebo ya duba a madubi ya ga ɓawo ya kewaye mai ko bai kewaye ba. Ya yi gaggawar sanyayawa sau ɗaya komai ya cure, mu'allimi ya ce ya zubar ya sake. Ko na'urar leza, in an ba ta samfurin da bai warwatsu ba, dunƙule za ta auna ta ce ƙwaya ce, ta kuma buga lambar da tabbaci. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Kaura Namoda tun 1983, masu ilmin haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe suna gwada ƙaron itatuwanmu wajen ɗaure ƙwayar magani, Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya kuma tana da reshen ƙaro a Gashuwa. A ganina, ɗalibin Kaura da aka fara sa shi ya haɗa tawadar zuge kashi uku, kowane da nasa tsawon niƙa, ya zuba a kwalabe masu ma'auni ya rubuta abin da ya kwanta kowace safiya, zai fahimci Stokes fiye da wanda aka nuna wa hoton na'urar da makarantarsa ba ta da kuɗin saye.

Sana'ar ta zaure tana nan, ko da yake ta ja baya: biro ya karɓe wasiƙa, bugun inji ya karɓe yawancin littattafai, allo da rubutun sha ne suka riƙe kurtu, almajirai da dama kuma sayen haɗaɗɗiya suke yi a kasuwa. Dajin da ake shiga neman ƙaro a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Kaura ya zama wurin tsoro a shekarun nan saboda 'yan bindiga, gatarin masu gawayi kuma bai bar na kusa da gari ba, a daidai lokacin da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa masu saye daga waje ke neman wata kafa. Su kuwa masu sayen nan ba kowane ƙaro suke so ba. A kasuwar Nijeriya na dakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, na sauran itatuwa irin su taramniya lamba uku, kuma aikinsu cikin ruwa ba ɗaya ba ne, domin mai haɗa lemu da ya saba da na dakwara, in aka cakuɗa masa da wani, lissafinsa ya rushe. Mai tsinta a daji, wanda da mudu ake biyan sa, cikin buhu ɗaya yake zuba duk abin da ya samu, har da ɓawo da yashi. Sai kaya sun isa rumbunan 'yan kasuwa a Kano mata su zauna su baje shi, su tsince da hannu, su ware fari da ja, manya da gari, kafin a ɗinke buhuna a ɗora a mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko.